Motar Talakawa a Bakin Danja

A teburin mai shayi na tashar Ƙaura na ji maganar, a rediyo. Wai akwai biranen da danja, fitilar nan mai ba da hannu a mararraba, take gane bas. In ta hango bas ta taho cike da mutane, sai ta riƙe mata kore har ta wuce, in kuma ja ce a kunne sai ta gajarta ta. Dalilinsu wai motar da ta ɗauko jama'a ta fi wadda ta ɗauko mutum guda haƙƙin hanya. Direbobin da ke wurin suka yi ta dariya. Wani ya ce a kawo mana irinta, shi zai ba ta ɗiyarsa. Ni ban yi dariya ba. Na ajiye kofina ban shanye ba, na koma cikin mota na zauna.

Ni direban bas ne. Layin Shinkafi na fara yi, daga baya na koma Gusau zuwa Zurmi, wata rana har Gurbin Bore in hanya ta yi kyau. Boko ban yi nisa ba, ina ƙaramar sakandare na ajiye littafi na kama ƙofar mota, saboda haka kada kowa ya jira kalmomi masu tsada daga wurina. Abin da na sani hanya ce, kuma a hanyarmu dokar a kife take. Iya yawan mutanen da ka ɗauko, iya nisanka da gaba. Mai jiniya ne farko, sai mai baƙin gilashi, sai ƙananan motocin haya, sai mu. Bayanmu babu kowa sai jaki, shi ma don ba ya bin kwalta ne.

A shekarun da nake ba da labari, tsakanin Ƙaura da Zurmi ba a bi sai da rakiya, saboda ɓarayin daji. Motoci su taru a bakin gari, jami'an tsaro su shiga gaba, a tafi a jere kamar raƙuman fatake. Akwai ta safe, akwai ta yamma. Ta yamma tana tashi bayan an sallame la'asar. Da ta tashi sai a gitta ƙarfe a kan titi, kuma sai gobe. Duk direban da ya taso daga Gusau da rana, abu ɗaya ne a ransa, ya iske rakiyar nan ba ta tashi ba.

Ranar da abin ya faru lokacin kaka ne, ana yankan gero. Ina tashar Gusau, layi ya zo kaina, ana yi mini lodi. Dokar tasha kowa ya san ta, mota ba ta tashi sai ta cika. Ƙaramar mota mutum kaɗan ke cika ta, kafin ka sha ruwa ta fita. Bas kuwa ciki gare ta kamar rumbu. Ka zauna kana kallon ƙananan suna fita ɗaya bayan ɗaya, ɗan kamasho yana ta tsage maƙogwaro, "Zurmi! Zurmi! Saura mutum biyu!" alhali rabin kujerun iska ce zaune a kai.

Ana shirin azahar wani Bafulatani ya shigo tasha. Dattijo ne dogo, siriri, da malfa, da takalmin roba. Ba sanda a hannunsa, don yanzu Bafulatani mai hankali ba ya shigowa birni da sanda. Abin da ya riƙe wata 'yar kula ce shuɗiya, irin wadda mata ke zuba abinci, ya rungume ta a ƙirji. A lokacin akwai ƙaramar mota da ta rage wuri ɗaya. Ɗan kamasho ya nuna masa, har ya sa ƙafa ɗaya ciki. Sai ga wani mai jakar ofis ya iso a guje yana faɗa, wai shi tun ɗazu ya yi waya a ajiye masa wuri, wai gobe yana da taro. Dattijon ya janye ƙafarsa, ya matsa gefe, ya ce, "Bismilla, shiga."

Ɗan kamasho ya ce, "Baffa, sauri kake ko kana iya jiran babba?"

Ya ce, "Babu komi."

Wannan kalma na sha tuna ta. Ya zo ya shiga tawa, ya zauna a kujerar da ke bayana daidai, ya ɗora kular a cinya. Muka yi azahar, muka dawo, mota ba ta cika ba. Ya zauna. Bai tambaye ni yaushe za mu tashi ba, bai leƙa waje ba, bai yi tsaki ba. Sauran fasinjoji kuwa sun kusa cinye ni ɗanye. Daga ƙarshe Allah ya kawo wasu mata da buhunan garin kwaki, muka cika, aka ɗaure kaya, na tayar. Na dubi rana na ce a raina, in babu tangarɗa za mu iske su, da ƙyar dai.

Kafin ka fita gari ka kama hanyar Ƙaura akwai wata mararraba mai danja. Na tsane ta tun ranar da aka kafa ta. Ba don ba ta aiki ba, tana yi. Amma korenta gajere ne, kuma da ta nuna ja sai 'yan kabu-kabu da masu keke su zagayo ta hagu da dama su cika gabanka. In kore ta kawo, su ne za su fara ficewa. Kai mai bas da lodi har rufi, kafin ka taka kuloci, ka sa giya, motar ta yi nishi ta motsa, ja ta dawo. Haka ta yi mana. Kore ta zo ta tafi, mun matsa tsawon mota guda. Ta sake zuwa, muka sake matsawa kaɗan. Kore ta gaba ita ce tamu, na riga na sa giya, sai mai ba da hannu ya fito tsakiyar titi da farin safar hannunsa ya tsayar da kowane ɓangare. Danja na nuna kore, shi yana nuna tsaya. Wani babba zai wuce.

Kusa da Bafulatanin akwai wata Hajiya 'yar Zurmi, mai sayar da atamfa, tsohuwar fasinjata ce, bakinta ba ya ƙulle. Tun daga tasha na lura a madubi tana hararar kular nan. Ba ita kaɗai ba. Zamanin da muke ciki, in Bafulatani ya shigo mota da abu a rufe, sai ka ji hira ta ragu. Ban ce daidai ba ne, na ce haka ake yi. To ruwa ya fara ɗiga daga gindin kular ya jiƙa mata zane.

Ta ce, "Kai Baffa, mi a cikin abin ga naka? Ka jiƙe ni sarkaf."

Ya ce, "Yi haƙuri, Hajiya. Ƙanƙara ce."

"Ƙanƙara tun daga Gusau? Zurmi an hana saida ruwan sanyi?"

Wasu suka yi dariya, irin dariyar da ba ta kai ciki ba. Wani daga baya ya ce, "A buɗe dai mu gani, hankali shi kwanta."

Bai yi musu ba. Ya buɗe. Na juyo ni ma na leƙa. 'Yan kwalabe ne ƙanana a cikin leda, kwance a kan ƙanƙarar da ta fara narkewa, da takardar kantin magani.

Ya ce, "Allura ce. Ta abin ƙasa."

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san in an ce abin ƙasa ya taɓa mutum, maciji ake nufi, ba a dai son kiran sunansa. Kuma lokacin kaka, a gonar gero, kowa ya san wane iri ne, kububuwa, mai sa jini ya ƙi tsayawa.

Hajiya ta ce, "Subhanallahi. Wa ya taɓa?"

"Wata yarinya ce a gidanmu."

"Yaushe?"

"Jiya da hantsi. Ta ɗaga dami." Ya ce an kai ta ɗan asibitin da ke kusa da rugarsu, wajen Birnin Tsaba. Ma'aikacin ya ce ba shi da allurar, a je birni a sayo, kuma kada a kwana, don dasashinta ya fara jini. Shi ne ya biyo rakiyar safiyar yau.

"Ɗiyar wa ce?"

Ya mayar da murfin kular, ya juya fuska wajen taga.

Hajiya ta daɗe tana kallonsa. Ta tashi cikin Fulani, ta san su. Sai ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi. Direba, ɗiyarshi ta. Ta fari."

Ga wanda bai sani ba, Bafulatanin daji ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya nuna nasa ne, ba ya nuna damuwa a kansa gaban mutane. Kunya ce, ita suke kira fulako. Mu ma Hausawan ƙauye muna yi, amma nasu ya fi tsauri. Da ɗiyar ƙanensa ce, da ya iya buɗe baki a tasha ya ce jama'a ku taimake ni. Da yake tasa ce, ta fari, sai ya janye ƙafa daga motar da za ta kai shi da wuri ya ce babu komi.

Na ce, "Haba Baffa! Haba! Don Allah mi ya hana ka faɗi tun a tasha? Wallahi da ko a kan cinyar mai jakar nan sai mun ɗora ka."

Ya ce, a hankali, "Ai kowa da uzurinshi."

Na ja birkin hannu na fita. Na ratsa tsakanin kekuna na isa wurin mai ba da hannu. Ba yaro ba ne, sa'ana ne, gumi ya jiƙa masa kaki har bel.

Na ce, "Yallaɓai, ka ga bas ɗin can? Akwai allurar maciji a ciki, mutum na kwance yana jini. In ban iske rakiyar Ƙaura ba shi ke nan. Hanyar da zan bi ma ba ita babban zai bi ba. Ɗaga mini hannu kawai in sulale."

Bai ko dube ni ba. Ya ce, "Koma motarka."

"Don girman Allah."

Sai ya dube ni. Ya nuna wani mai baƙin tabarau da ke tsaye a gefen titi da na'urar magana a hannu. Ya ce, "Ka ga wancan? In na sake ka, kakin ga na sake. Ina da 'ya'ya ni ma. Yanzu za su wuce."

Na nufi mai tabarau. Tun kafin in ƙarasa ya ɗaga mini tafi, irin yadda ake yi wa akuya in ta nufo shanya. Na tsaya. Ba tsoronsa na ji ba kawai, na san in na matsa za a riƙe ni, kuma in an riƙe ni babu mai ja motar.

Sai wata dabara ta zo mini. Ƙananan motoci na nan tsaye su ma, wasu na san Ƙaura za su, kuma da an saki hanya za su riga ni da nisa. Na koma na ce wa dattijon ya fito. Muka bi layi ni da shi, ina ƙwanƙwasa gilashi. Na haya duk a cike suke, mutum kan mutum, har but inda ake zuba kaya. Sai motocin gida, waɗanda ba na haya ba. Na farko ya sauke gilashi, ya saurare ni, ya dubi malfar, ya dubi kular, ya ce shi nan gaba kaɗan zai tsaya. Ƙarya yake, na san motarsa a Ƙaura. Na biyu matarsa ce ta amsa, ta ce, "Malam, da ƙananan yara muke." Na uku bai bari na gama ba. Ya ce, "Hanyar ga, zamanin ga, in ɗauki Bafillacen da ban sani ba? Kai ka san shi?"

Na ce, "Fasinjana ne."

"To riƙe abinka." Gilashi ya hau.

Dattijon ya taɓa mini hannu ya ce, "Direba, bari. Mu koma." Fuskarsa ba ta canza ba. Tawa ce ta yi zafi kamar an mare ni.

Muka koma muka zauna. Danja tana ta aikinta ita kaɗai, ja, ruwan ɗorawa, kore, ja, ba mai kallonta. Na zauna ina kallonta ni. Bayana akwai mai jego, akwai tsoho da aka sallamo daga asibiti, akwai ɗalibai, akwai matan garin kwaki, akwai allurar nan tana narkar da ƙanƙararta a cinyar mutum. Duk a taru a auna, ba mu kai nauyin mutum ɗaya da bai ma fito daga gida ba tukuna. Don daga baya na ji cewa lokacin da aka tsare mu, shi ko takalmi bai sa ba.

Hajiya ta leƙa ta taga tana yi wa mai ba da hannu ruwan baki. "Kai mai farin hannu! Allah shi tsayar da kai ranar da kake sauri!" Wani tsoho ya ce, "Hajiya, haƙuri." Ta ce, "Haƙurin mi? Haƙuri munka ci munka sha har ya fito muna ta hanci."

Can sai jiniya. Suka wuce kamar iska, baƙaƙen motoci a jere, ban ga fuskar kowa ba. Mai ba da hannu ya sauke hannu ya koma inuwa. Sai kowane ɓangare ya afko lokaci guda, aka cakuɗe a tsakiya, keke ya saƙale da tirela, kowa na danna oda. Mai mashin ya bi ta kan dakali, mai ƙaramar mota ya kutsa ta inda ya samu. Bas ba ta kutsawa. Sai da na fito ni da wasu samari muka ba da hannu da kanmu kafin na samu na fita.

Na yi gudu ranar. Motar tsohuwa ce, in ta wuce wani mizani sitiyari ya kama rawa, amma na taka ta. Ramukan da na saba kaucewa na bi ta kansu. Ba wanda ya ce direba a hankali, ko tsohon da aka sallamo daga asibiti. A hanya na ji ana kiran la'asar a wani ƙauye, ban tsaya ba, ba kuma wanda ya ce a tsaya. Na dinga duban madubi. Dattijon ya cire malfarsa ya rufe kular da ita saboda ranar da ke shigowa ta taga.

Muka ratsa Ƙaura ban sauke kowa a tasha ba, masu sauka suka ce wuce, ma dawo da ƙafa. Da muka iso bakin gari, ƙarfen yana gicce. Filin da motoci ke taruwa wayam, sai ɓawon rake da masu tallar da ke naɗe kaya.

Wani jami'i matashi ne a wurin, ba Bahaushe ba, amma yana jin Hausa. Na yi masa bayani. Ya zo ya buɗe kular da kansa, ya karanta takardar. Na ga abin ya taɓa shi. Ya kira waɗanda suka tafi ta na'ura, aka yi magana, ya dawo yana girgiza kai. Sun yi nisa, sun shiga inda ba a tsayawa.

Ya ce, "Da ƙaramar mota ce mai lafiya, sai in ce ka gwada ko ka kamo su. Wannan ba za ta kamo su ba. Kuma mutane nawa ke ciki? In an tare ku, ni za a tambaya."

Cikin mota gardama ta tashi. Wani saurayi ya ce mu roƙe shi ya buɗe, mu tafi, Allah na nan. Mai jego ta fashe da kuka ta ce ita a sauke ta. Wani ya ce a sauke kowa, direba ya tafi da Baffa su biyu. Kowa ya juyo yana kallona. Na san hanyar nan kamar tafin hannuna. Na san kwanar da suke fitowa, na san direbobin da suka bi ta su kaɗai da yamma, na san gidajen da na je gaisuwa. Na buɗe baki ban san me zai fito ba, jami'in ya riga ni. Ya ce ko ni kaɗai ne ba zai ɗaga ƙarfen ba. Ban sani ba ko daɗi na ji ko baƙin ciki. Har yau ban sani ba.

Muka koma cikin gari neman wata hanya. Na je wurin 'yan kabu-kabu, waɗanda suka san hanyoyin cikin gona. Babbansu abokina ne tun muna yara. Ya ja ni gefe ya ce, "Kai ma ka sani. In mun tsira daga mutanen daji, 'yan sa-kai na gaba. Su gan ni da almuru na goyo Bafillace da kaya a hannu, kana jin za su tsaya karanta takarda? Shi za su fara kashewa, ni in biyo." Gaskiya ya faɗa.

Da na dawo, na iske dattijon yana ɗaure bakin wandonsa. Wai zai taka da ƙafa, ya san daji. Hajiya ta tsaya a gabansa ta riƙe hannun kular.

Ta ce, "Baffa, in ka tahi, gawa biyu za a yi, allura kuma ta lalace a daji. Zauna. Allah da ya kai ta yau shina iya kai ta gobe."

Sai ya ce, ba da ita yake ba, ba da ni ba, "Tana da goyo." Iyakar abin da ya faɗa a kanta ke nan tun da na gan shi.

Muka samo sabuwar ƙanƙara wurin mai sayar da lemo, ya ƙi karɓar komai. Aka gwada kiran waya, rugarsu ba sabis sai an hau tudu. Matan suka kwana gidan wata 'yar'uwar Hajiya, mu maza a masallacin tasha.

Da asuba na riga kowa isa bakin ƙarfen. Ni ne na farko, hancin motata har yana taɓa shi. Da gari ya waye motoci suka taru, aka zo jera mu. Wani jami'in ne daban, na jiya ya sauka. Ya buga jikin motata ya ce, "Bas baya." Na fara yi masa bayani, ya ce duk tafiya ɗaya ce, na gaba da na baya tare za su isa, manya baya don kada su tare wa ƙanana hanya in an yi gudu. Na ja da baya. Ina kallo aka jera masu gilashi, aka jera na haya, aka jera wata mai ɗauke da kaji. Sai ni. Aka kuma jira wani da aka ce yana tafe, har rana ta ɗaga.

Muka tafi. Gonaki hagu da dama, wasu an yanke, wasu geron ya bushe a tsaye ba mai yanka don masu shi sun gudu. A rakiya ba a tsayawa sauke fasinja sai an shiga gari, amma dattijon ya ce akwai wata 'yar hanya kafin Zurmi, gindin wata tsamiya, daga nan ya fi kusa. Na ce zan tsaya ko za a harbe ni.

Tun daga nesa na hango tsamiyar, na kuma hango mutum biyu a gindinta, da mashin a jingine. Zuciyata ta ɗan yi sanyi, na ce an zo tarbarsa, za su ɗauke shi a guje. Na taka birki. Ya sauka da kularsa. Mutanen suka miƙe. Ba wanda ya nufi mashin. Ɗayan, dattijo kamarsa, ya tako a hankali, ya karɓi kular daga hannunsa, ya ajiye ta a ƙasa, sannan ya riƙe masa hannu biyu yana magana da Fillanci ƙasa-ƙasa.

Hajiya ta ja gyale ta rufe fuska. Tsohon da ke baya ya fara salati.

Fasinjan nawa ya tsaya yana sauraro, yana gyaɗa kai kamar ana ba shi labarin kasuwa. Da aka gama, ya juyo ya zo wajen tagata. Na ce, "Baffa, Allah shi jiƙanta. Allah shi ba ka haƙuri."

Ya ce, "Amin. Tun jiya da magariba ne, an ma rufe ta." Ya gyara malfarsa. "Sannu da ƙoƙari, direba. Ka sha wahala da mu."

Na so in fita in riƙe shi, ko in zagi wani, ko in yi wani abu dai. Hannuna na kan ƙofa. Sai saurayin nan na baya ya ce, "Direba, don Allah. Sun ɓace muna."

Na dubi gaba. Motar kajin da nake bi ta sha kwana, babu kowa a kan titi sai mu. Na sa giya.